Ranar da Makarantarmu Ta Cika da Malamai

Ni Ɗanjuma manomi ne, kuma ban taɓa cewa ni wani abu ne daban ba. Ina da hawasha, wato gonar ban-ruwa da na gada a wurin mahaifinmu, ina shuka dawa da gyaɗa, wata shekarar alkama idan ruwa ya zo a kan kari. Amma sau ɗaya a rayuwata na zama malamin aji huɗu, daga ƙarfe bakwai da rabi na safe zuwa lokacin karin kumallo, kuma har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni.

Malamar gidanmu ta gaske ƙanwata ce, Mero. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta shiga kwalejin horon malamai, ta yi shekara biyu, sai yaƙi ya zo ya rufe kwalejin da duk wata makaranta a yankinmu na Jazira. Ta dawo hillarmu, wato ƙauyenmu, Hillar Wakili, ba takarda a hannunta. Wata huɗu ta yi tana kallon yara suna yawo a bakin magudanar ruwa, wasu sun manta ko sunansu yadda ake rubutawa, sai ta share rumfar gidanmu ta tara su. Mero ba ta da haƙurin zama. Tun tana ƙarama haka take, idan ta ga abu a karkace sai ta sa hannu, ko ba nata ba ne.

Da aka samu lafawa aka sake buɗe makarantar hilla, malamai tara da muka sani ba su dawo ba. Wasu sun yi Masar, wasu sun zauna inda gudu ya kai su, ɗaya ya rasu. Mutum ɗaya ya rage, Ustaz Muzammil, shugaban makarantar, mutum mai sanyin hali da ciwon gwiwa. Aji shida, malami ɗaya. Sai ya roƙi Mero ta riƙe masa aji ɗaya, shi kuma yana kai da komo tsakanin sauran biyar, ya rubuta aiki a allon nan ya ɗingisa zuwa wancan. Yara casa'in da uku ne a ajin Mero, rabinsu a ƙasa suke zama.

A wurin ofishin ilimi kuwa Mero ba kowa ba ce. Tsohuwar doka ta ce wanda ba shi da shaidar koyarwa ba a sa sunansa cikin malamai, ko da yara sun haddace duniya a hannunsa. Ana nan sai takarda ta zo da sabon tsari. Saboda ƙarancin malamai, an sassauta: mai shaidar sakandare da ya taɓa koyarwa za a iya ba shi izini na shekara biyu, ya riƙa zuwa horo a lokacin hutu, daga baya a ba shi cikakkiyar shaida. Sai dai takardar tana da wani gefen mai kaifi. Daga zango mai zuwa, duk wanda ba shi da shaida kuma ba shi da wannan izini, ba zai sake tsayawa gaban aji ba. Wato ko Mero ta samu izinin, ko ta koma gida. Ta cike takardu, Ustaz Muzammil ya sa hannu, aka ce mai duba makarantu za ta zo ran Talata ta ga halin da muke ciki da idonta.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta jawo mana komai.

Sai wanda ya zauna da mu zai gane. A hillarmu baƙo ba ya ganin rashi. Idan baƙo ya sauka a gidan da ba a ɗora tukunya ba, kafin ya gama wanke ƙafa kwanuka sun fara tsallako katanga daga maƙwabta, wannan da miya, wancan da tuwo, wata da kofunan shayi masu kyau, har a fito masa da faranti cike ya ɗauka gidan masu hali ya shigo. Ba ƙarya muke ɗaukar abin ba, rufin asiri ne. Kakanninmu sun zo ƙasar nan da ƙafa, sun daɗe ana yi musu kallon 'yan ƙwadago marasa komai, sai suka rantse ba mai sake ganin ramarsu. Ajin farko na makarantar nan ma da hannunsu suka gina shi, don an taɓa cewa mu ba mutanen karatu ba ne.

Da yammacin Asabar kwamitin iyaye ya zauna a zauren Baba Abdussalami, shugaban hilla, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, wanda idan ya yi magana ba a maimaitawa. Ustaz Muzammil ya karanta takardar. Wani ya ce ya ji daga bakin direban motar da ke zuwa garin Rufa'a cewa makarantar da aka tarar da malami ɗaya ko biyu rufe ta ake yi, a haɗa yaran da wata hilla. Ba wanda ya tambayi direban inda ya samo labarin, amma gaban kowa ya faɗi.

Baba ya ce, “Baƙuwar hukuma na zakkuwa, ku ce mu buɗe mata ɗakuna huɗu ba kowa ciki sai ɗiya na tsalle bisa benci? Madarasar da ubanninmu sunka gina?”

Ustaz Muzammil ya yi gyaran murya. “Baba, takardar cewa ta yi izinin na makarantun da ba su da malamai ne.”

“To ai kun rubuta musu ba mu da su. An gani ga takarda, ya isa. Wagga zuwa za ta yi ta ga ko mu mutane ne.”

Ustaz ya sunkuyar da kai yana shafa gwiwarsa. Na san yana da sauran magana, amma shi ba ɗan hilla ba ne, aure ya kawo shi, kuma matarsa jikar Baba ce. Nan take aka raba aiki. A ari bencina daga makarantar allo da gidan biki, a shafa farar ƙasa a bango, a sa mutum a kowane aji na safiya ɗaya. Aka ba Ayman tela aji uku don ya iya tsayuwa da alli a hannu. Mai shagon magani ya ɗauki aji biyar, wani ɗan'uwan limami aji biyu. Ni kuwa aka ba ni aji huɗu, ba don komai ba sai don ina da tabarau.

Sauran laifin nawa ne ni kaɗai, ba zan ɗora wa kowa ba. Ni na ce yara casa'in da uku sun yi yawa, hayaniyarsu za ta sa baƙuwa ta ɗauka Mero ba ta iya riƙe aji ba. A zaɓi talatin da biyar masu tufafi masu kyau a bar mata, sauran a tara su a gidan Baba har baƙuwar ta tafi. Wallahi son ƙanwata ne ya sa na faɗi haka. Kowa ya ce na kawo shawara. Aka kuma yarda kada a gaya wa Mero, tunda an san halinta.

Ran Talata tun da sassafe na sa jallabiyar Idi, na naɗa rawani, na maƙala biro biyu a aljihu. Mero ta iso da buhun gyaɗa ƙarami a kanta, ta tsaya a ƙofar makaranta tana kallon farin bango da bencina a jere. Sannan ta gan ni.

“Yaya, mi kake yi nan da kayan Idi?”

“Aiki ne Baba yab ba mu.”

Ta leƙa ajinta, ta fito da sauri. “Ina sauran ɗiyana?”

“Suna nan lahiya, gidan Baba. Ke dai ki yi darasinki, mun gyara miki komai.”

Ta dube ni, ta dubi Ayman da ke tsaye a ƙofar aji uku da littafi a hammata, ta buɗe baki za ta yi magana. Daidai nan muka ji ƙarar mota a kan gadar magudana. Ta rufe bakinta ta shiga aji.

Abin da na sha a aji huɗu ba na fatan maƙiyina ya sha. Yaran nan duk sun san ni, ni ne mai korarsu idan sun shiga gonata kama kifi. Da na shiga suka miƙe suka gaishe ni da ustaz, wasu na toshe baki. Na ce duk wanda ya yi dariya zan gamu da ubansa da la'asar. Na rubuta kwanan wata a allo, allin ya karye sau biyu. Daga nan na rasa abin cewa. Na duba littafin da aka ba ni, haruffan suna ta rawa, sai na ajiye shi na zana musu abin da na sani: yadda ruwa ke barin babbar magudana ya shiga ƙarama, daga ƙarama ya shiga ta cikin gona, da abin da ke faruwa ga na ƙarshen layi idan na farko ya yi son kai. Abin mamaki suka yi shiru suna ji.

Ina cikin haka baƙuwar ta shigo, Ustaz Muzammil na biye da ita. Sunanta Ustaza Ibtisam, siririyar mace cikin farin lulluɓi irin na ma'aikata, takalminta duk ƙura, idanunta na wadda ba ta samu barci sosai ba. Ta tsaya a baya minti biyar, ta yi rubutu, ta ce da Larabci ta ji daɗin ganin malami yana haɗa darasi da rayuwar yara. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har na gyara zaman tabarau.

Da ta shiga aji ɗaya na bar nawa na laɓe a jikin taga. Mero ta raba wa kowane yaro gyaɗa goma. Ta ce kowa ya ci uku, suka ci da murna, ta ce to a ƙirga saura nawa. Ta faɗa da Hausa don ƙananan da Larabci bai zauna a bakinsu ba, ta maimaita da Larabci, ta sa suka maimaita, sannan ta rubuta a allo. Kafin rabin sa'a yaran da ba su kai shekara bakwai ba suna yin ragi ba tare da sun san sunansa ba. Baƙuwar ta zauna a kan benci tsakanin yara biyu, ta daina rubutu ma, kallo kawai take. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Lokacin karin kumallo ya yi, faranti suka fara isowa daga gidaje, wake da man riɗi, kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, har da kaza. Baƙuwa ta ci tare da Mero a ofis. Bayan an ɗauke kwanuka aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, Baba ya zo, muka zauna mu malaman aro a gefe, Mero tana zuba gahawa.

Ustaza Ibtisam ta buɗe jakarta ta fito da takardu. Ta ce makarantarmu ce ta goma sha biyu da ta zagaya cikin mako biyu, kuma ba ta ga mai koyar da ƙanana kamar Mero ba, har cikin masu shaida. Baba ya gyaɗa kai, mu ma muka gyaɗa.

Sai ta ce, “Shi ya sa abin ya yi mini nauyi. Izini bakwai kawai aka ba ni na yankin nan duka, kuma an ce in kai su inda babu malamai. A takardarku an rubuta malami ɗaya, amma na zo na tarar da aji shida, kowanne da mai tsayuwa a gabansa. Na ɗauka waɗanda suka yi gudun hijira ne suka dawo, Allah ya ƙara dawo da su. Aji ɗaya yara talatin da biyar, kowa da wurin zama. Jiya na je inda mutum ɗaya ke fama da yara ɗari biyu a ƙarƙashin itace. Ku gaya mini, wa zan hana in ba ku?”

Ta juya wajen Mero ta ce ta yi haƙuri, idan kwaleji ta buɗe ta koma ta ƙarasa, irinta ba za ta rasa wuri ba.

Na dubi Baba. Kofin gahawa na hannunsa, bai kai baki ba, bai ajiye ba. Ya gane sarai, mu duka mun gane. Amma wa zai buɗe baki? Duk wanda ya ce ba haka ba ne, ya ƙaryata shugaban hilla a gaban baƙuwa, mace, ta hukuma. Ustaz Muzammil ya ƙura wa tabarma ido. Ayman yana ta murza littafin da ke hannunsa. Can Baba ya ce, a hankali, “Allah shi sa haka ya fi alheri.”

Mero ta tattara kofuna a faranti, ta yi wa baƙuwa godiya da murya daidai, ta zagaya bayan ofis inda randunan ruwa suke. Na bi ta. Tana tsugune tana ɗauraye kofi ɗaya, ta ɗauraye shi ta sake ɗaurayewa. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, “Mero, ki yi haƙuri. Ba haka munka nuhwa ba.”

Ba ta ɗago ba. “Kun rufa ma hilla asiri, Yaya, madalla. Bayan hutu wa za ya tsaya gaban ɗiyan nan tis'in da uku? Kai?”

“To ki tashi ki hwaɗa mata gaskiya.”

“In ƙaryata Baba? Shi yar raɗa mini suna.” Ta ajiye kofin. “Kuma ko na hwaɗi, cewa za ta yi mai neman aiki ce ke magana.”

A gaba na ji direban baƙuwa ya tayar da mota. Ban taɓa jin na tsani kaina ba irin na lokacin, da jallabiyata da rawanina da birona biyu. Yarinyar nan ta kwashe shekara biyu tana shaƙar ƙurar alli, muryarta na dushewa kowace Alhamis, ni kuma da safiya ɗaya na ɗauke mata abin da zai yi mata shaida na kai na ɓoye.

Na koma ƙarƙashin darbejiya. Ustaza Ibtisam tana sallama da Ustaz Muzammil a bakin mota. Na durƙusa kusa da Baba, na yi ƙasa da murya.

“Baba, shawarar rage ɗiyan tawa ce. Ka ba ni izini in hwaɗa mata ni na yi, ba da saninka ba. Ni manomi ne, ba abin da za ya rage ni.”

Ya dube ni ta ƙasan gira. “Kai wa? Ni in ɗaure kaya, yaro shi ɗauka?”

Ya daɗe yana kallon ƙofar aji ɗaya, inda ƙananan nan ke leƙowa da ɓawon gyaɗa a hannu. Ina jin numfashinsa. An rufe ƙofar mota. Sai ya miƙo mini hannu, na ɗaga shi, ya ɗauki sandarsa.

“Ya Ustaza,” ya kira da Larabcinsa na tsofaffi. “Kafin ki tafi, akwai wani ɗaki da ba mu nuna miki ba.”

Daga makaranta zuwa gidan Baba ba nisa, amma ban taɓa ganin tafiya mai tsawon wannan ba. Yana gaba yana dogara sanda, baƙuwa a gefensa, mu malaman aro a baya, Mero can ƙarshe don na aika an kira ta. Mata suna leƙowa ta kan katanga. Masu zama a ƙofar shago suka miƙe. Kowa a hilla ya san abin da ke cikin gidan nan, kuma kowa ya ga inda tsohon ya nufa.

Ya tura ƙyauren da kansa. A tsakar gida, ƙarƙashin rumfa da jikin bango da kan turmi, yara hamsin da takwas suna zaune, Hajiya Hadizatu matar Baba tana tsakiyarsu da mafici, ta kwashe safiya tana ba su tatsuniya don kada su yi hayaniya. Waɗanda muka ga ba su dace a gani ba ke nan, masu rigar da ta yage, marasa takalmi, 'ya'yan waɗanda gudun yaƙi ya kawo mana. Da suka ga baƙuwa suka miƙe gaba ɗaya suka yi sallama da murya ɗaya, yadda aka koya musu.

Baba ya ce, “Waɗannan ma aji ɗaya ne.” Ya juya ya nuna ni da sanda. “Wannan manomi ne. Wancan tela. Wancan magani yake sayarwa. Malami ɗaya gare mu, sai yarinyar nan. Ba mu da malamai, Ustaza. Ba mu da bencina, na aro ne. Ni na sa aka yi haka, kunya na ji.”

Hajiya Hadizatu ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Ustaza Ibtisam ta daɗe tana kallon yaran. Da ta yi magana, ranta a ɓace yake, kuma ban ga laifinta ba. “Da na shiga mota na tafi fa? Da na rubuta abin da na gani, an sa hannu, an rufe. Ni ba biki na zo ba, Baba. Rashin nan da kuka ɓoye shi na zo nema.”

“Na ji,” in ji Baba. Sannan ya tambayi abin da ke cin kowa. “Za a rufe mana ita?”

Ta ce ita ba ta ji an rufe makaranta don rashin malami ba, kuma ba aikinta ba ne, amma ba ta ga yadda za a rufe wurin da yara suka cika haka ba. Ta zauna a bakin gadon igiya da ke tsakar gidan, ta ɗora jakarta a cinya. Ta ce abin da ta gani da safe ba ajin Mero ba ne, don haka ba za ta iya yin hukunci da shi ba. A kawo sauran talatin da biyar ɗin, a kawo allo. Tana so ta ga darasi da duka.

Rana ta take, yara sun gaji, gyaɗa ta ƙare. Aka kawo allon ofis, aka rasa inda za a rataye shi, bangon gidan Baba na laka ne ba ƙusa. Baba ya dube ni ya dubi Ayman. “Ku malamai, ku riƙe mata.”

Haka na tsaya a tsakar gida na kama gefe ɗaya na allo, Ayman ya kama ɗayan, fuskarmu na kallon yara. A nan na fara ganin abin da ƙanwata ke gani kowace safiya. Fuskoki casa'in da uku, wani na kuka, wasu biyu na dambe a kan takalmi, wata ta yi barci a kafaɗar 'yar'uwarta, na baya ba sa ma hango allon. Ni da na sha wuya da yara arba'in masu hankali, na rasa ta inda mutum zai fara da waɗannan.

Mero ta shigo tsakiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tafa hannu sau uku, suka tafa sau uku, ta tafa sau biyu, suka bi, ta tafa sau ɗaya, gidan ya yi tsit har ana jin kaji a bayan rumbu. Ta kira sunaye tara, yara tara suka miƙe, kowanne ya ja ƙungiyarsa gefe ba tare da an nuna masa wuri ba. Ta ɗauki mai kukan ta saɓa a kafaɗa. Ta ce kowa ya share ƙasar gabansa da tafin hannu, ga allonsa nan. Ta rubuta a wanda muke riƙe da shi, ina jin bugun allin a yatsuna, suka sunkuya suna zanawa da yatsa. Tana zagayawa tsakaninsu da yaro a kafaɗa, ta gyara wa wannan, ta shafa kan wancan, ta san sunan kowa, ta san wanda ba ya ji da kunnen hagu ta koma ta damansa. Ta san wadda ba ta magana tun da suka gudo, ba ta tambaye ta komai ba, sai ta duba abin da ta zana ta ce ya yi kyau.

Minti arba'in muna riƙe da allo. Hannuna ya ƙage, zufa ta jiƙa rawanin, amma ban so a gama ba. Baba yana zaune a kan turmi, haɓarsa a kan sanda, bai ɗauke ido daga kanta ba. Shekara biyu tana wannan aiki a hillarsa, kuma na tabbata ranar ce ya fara gani, kamar ni.

Da Mero ta sallami yaran, Ustaza Ibtisam ta zaro takardar da ta cike da safe, ta ninke ta biyu ta yaga. Ta fito da wata mai layi bakwai, biyar a cike. Ta laluba jakarta ba ta ga abin rubutu ba, sai Ustaz Muzammil ya miƙa mata nasa. Mero tana can wajen randa tana ba ƙananan ruwa, ba ta ma juyo ba.

Ustaza ta dube ni. “Kai ne yayanta? Faɗa mini cikakken sunanta, yadda yake a shaidar sakandare.”

Na faɗa mata, sunanta da na mahaifinmu da na kakanmu, a hankali, ina kallon hannunta har ta gama rubutawa a layi na shida.